Shirin Jarrabawar Aikin Asibiti a Horon Likitancin Ido: Darasi Daga Yankin Washinton

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda likitoci masu neman ƙwarewa a fannin ido ke shirya wa jarrabawar aikin asibiti a Amurka, ta hanyar ɗaukar birnin Washinton da kewayensa a matsayin misali. An fayyace matakan horo da ire-iren jarrabawar da ake ƙetarawa, sannan aka nuna abin da masu jarrabawa ke nema daga bakin ɗalibi. Maƙalar ta tsaya a kan cewa abin da ake aunawa shi ne tsarin tunanin likita a gaban majinyaci, kuma wannan tsari a ɗakin duba marasa lafiya ake gina shi, kullum, tun daga shekarar farko ta horo. A ƙarshe an duba abin da likitocin ƙasar Hausa za su iya ɗauka, da kuma inda yanayin cututtukan gida ya sha bamban.

Fitilun Kalmomi: likitancin ido, jarrabawar baka, horon ƙwarewa, Washinton, sikila

1.0 Gabatarwa

Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 na wannan makanta, hawan jinin ido kuma kashi 16.7. Kimanin kashi 84 cikin ɗari na makantar abin da ake iya karewa ne ko a warkar. Ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce, da yawa daga cikin makafin da ake gani a Kano da Sakkwato da Katsina sun rasa ganinsu ne domin ba su haɗu da ƙwararren likitan ido a kan lokaci ba.

Ƙofar da likita ke bi kafin a kira shi ƙwararre ita ce jarrabawa. Duk wanda ya faɗi, al'umma ta yi jinkirin samun hannu guda na tsawon wata shida ko shekara. Wanda kuma ya haye ba tare da cancanta ba, idon jama'a ne zai biya. Saboda haka batun shirin jarrabawa ya wuce damuwar ɗalibi shi kaɗai. An zaɓi yankin Washinton ne domin a cikin ƙaramin fili ya tara asibitocin koyarwa da babbar cibiyar binciken ido ta Amurka, sannan yawancin cututtukan da ake gani a cikin baƙar fatar yankin suna da dangantaka da na Afirka ta Yamma.

2.0 Matakan Horo da Jarrabawa a Amurka

Bayan kammala makarantar likitanci, mai son ƙwarewa a fannin ido yakan yi shekara huɗu yana horo. Mafi yawan shekarar farko a sauran sassan asibiti ake yin ta, ukun da suka biyo baya kuma a sashen ido. Likitan da ya yi karatu a wajen Amurka sai ya ci jarrabawar lasisi ta USMLE, ya kuma sami takardar hukumar ECFMG da ke Philadelphia, kafin ya nemi gurbi.

A lokacin horo akwai ma'auni iri uku. Na farko shi ne jarrabawar OKAP, wadda Ƙungiyar Likitocin Ido ta Amurka ke shiryawa kowace shekara, mai tambayoyi 260 na zaɓin amsa. Ba a samun shaidar ƙwarewa da ita, amma tana nuna wa ɗalibi da malamansa inda yake da rauni. Tushen karatunta shi ne jerin littattafan ƙungiyar masu juzu'i 13, waɗanda aka fi sani da BCSC. Na biyu shi ne lissafin aikin tiyata. Hukumar ACGME, mai tantance shirye-shiryen horo, ta shardanta cewa ɗalibi ya yi aikin yanar ido aƙalla sau 86 da hannunsa kafin ya kammala. Na uku shi ne sa ido kai tsaye, inda malami ke zama yana kallon yadda ɗalibi ke duba majinyaci. Karl Golnik da abokan aikinsa sun wallafa takardar aunawa ta wannan fage a 2004, mai suna OCEX, wadda ke duba yadda ake karɓar tarihin ciwo, da duba ido, da mu'amala da majinyaci, da kuma gabatar da bayani ga malami.

Bayan horo sai a fuskanci Hukumar Tantance Likitocin Ido ta Amurka, wato ABO. An kafa ta a 1916, kuma ita ce hukumar tantance ƙwararrun likitoci ta farko a ƙasar. Jarrabawarta kashi biyu ce: rubutacciya mai tambayoyi 250, sai ta baka, wadda ba a shiga sai an ci ta farko. Tun daga 2020, sakamakon annobar korona, ta intanet ake yin ta baka. Tana taɓo fannoni shida: gaban ido, bayan ido, fatar ido da kewayenta, jijiyoyin gani da kwarmin ido, ilimin haske da tabarau, sai ciwon idon yara da harara-garke.

3.0 Yankin Washinton a Matsayin Makaranta

Ana horar da likitocin ido a Asibitin Jami'ar Howard, da Jami'ar George Washington, da shirin haɗin gwiwa na Jami'ar Georgetown da asibitin MedStar Washington, da kuma asibitin soja na Walter Reed da ke Bethesda. Ɗalibai sukan zagaya zuwa asibitin yara na Children's National da asibitin tsofaffin sojoji. A Baltimore, tafiyar kimanin sa'a guda a mota, akwai Cibiyar Ido ta Wilmer ta Jami'ar Johns Hopkins, wadda aka kafa a 1925.

A Bethesda ne kuma Cibiyar Binciken Ido ta Ƙasa take, wadda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 1968. Muhimmancinta ga mai shirin jarrabawa shi ne, manyan bincike da yawa da ake kafa hujja da su a ɗakin jarrabawa ita ce ta ɗauki nauyinsu. Binciken OHTS, wanda sakamakonsa ya fito a 2002, ya nuna cewa ɗiga maganin rage matsin ido ya sauko da yawan masu kamuwa da hawan jinin ido cikin shekara biyar daga kashi 9.5 zuwa 4.4 cikin ɗari, a tsakanin masu matsin ido mai yawa. Binciken AREDS na 2001 ya nuna cewa wani haɗin sinadaran gina jiki yana rage haɗarin tsanantar lalacewar tsakiyar gani ta tsufa da kimanin kashi 25. Binciken EVS na 1995 ya fayyace wane majinyaci ne ke bukatar tiyatar gaggawa idan ƙwayoyin cuta suka shiga cikin ido bayan aikin yana. Hatta allon gwajin gani na ETDRS, wanda masu bincike ke amfani da shi a duniya, daga ma'aikatan wannan cibiya ya fito a 1982.

Jama'ar yankin su ma darasi ne. Binciken ido na Baltimore, wanda aka wallafa a 1991, ya gano cewa hawan jinin ido ya ninka sau huɗu zuwa biyar a tsakanin baƙar fata idan aka kwatanta da farar fata. Jami'ar Howard, wadda aka kafa a 1867 kuma ta shahara da ilimantar da baƙar fata, tana da cibiyar cutar sikila da Roland Scott ya kafa a farkon shekarun 1970. A makarantar likitancinta ne Patricia Bath ta kammala karatu a 1968, likitar da ta ja hankali a kan yawan makanta a cikin baƙar fatar Amurka, ta kuma sami shaidar ƙirƙirar na'urar cire yanar ido da hasken leza a 1988. Ɗalibin da ya yi horo a irin wannan wuri yana haɗuwa da hawan jinin ido da illar ciwon sukari da ta sikila a kai a kai.

4.0 Abin da Jarrabawar Baka Take Aunawa

A 1990 George Miller ya kasa ƙwarewar likita hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, yana yi. Rubutacciyar jarrabawa ta tsaya a hawa biyu na ƙasa. Ta baka da ta sa ido kai tsaye su ke leƙa na sama. A jarrabawar baka ta ABO, akan nuna wa ɗalibi hoton ido tare da taƙaitaccen labarin majinyaci, a ba shi 'yan mintoci. Abubuwa uku ake bi wajen ba shi maki: yadda ya tattara bayani, yadda ya tantance cuta, da yadda ya tsara magani. Masu jarrabawa ba sa nuna masa ko ya dace ko ya kauce. A nan ne karin maganar nan ta ranar wanka ba a ɓoyon cibi take tabbata, domin abin da bai fito daga bakinsa ba, ba za a rubuta masa ba, ko da yana cikin kansa.

4.1 Misali: Jini a Gaban Ido

A ƙaddara an nuna hoton idon wani yaro baƙar fata ɗan shekara 12 da ƙwallo ta buga, jini ya kwanta a ɗakin gaban ido. Ɗalibin da bai shirya ba zai yi wuf ya ambaci sunan cutar, ya jero magunguna. Wanda ya shirya zai fara da bayyana abin da yake gani: wane ido ne, jinin ya kai ina, baƙin ido yana nan a da'irarsa ko ya karkace. Daga nan ya tambayi yadda abin ya faru, ya auna ƙarfin gani, ya tabbatar ƙwayar ido ba ta fashe ba kafin ya taɓa ta da ma'aunin matsi.

Sannan sai tambayar da makin ya rataya a kanta: shin yaron yana da sikila, ko yana ɗauke da ƙwayar gadonta? Kimanin ɗaya cikin 13 na baƙar fatar Amurka na ɗauke da ita. A cikin ɗakin gaban ido ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe magudanar ruwan ido, matsi ya hau, kuma jijiyar gani ta irin wannan majinyaci takan lalace a matsin da wani zai jure. Wannan ya shafi har mai rukunin AS wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba. Maganin Diamox, wanda aka saba bayarwa domin sauke matsin ido, yana ƙara lanƙwashewar ƙwayoyin jinin, saboda haka ake guje masa. Abin da ake koyarwa shi ne, idan matsin ya haura 24 har tsawon sa'o'i 24, a yi tunanin wanke jinin ta tiyata. Ɗalibin da ya tsallake tambaya guda ya rubuta maganin da zai iya makantar da yaron.

4.2 Cututtukan da Ba Sa Jira

Masu jarrabawa sun fi tsananta wa kuskuren da zai jawo asarar rai ko gani. Tsohuwar da ganinta ya ɗauke farat ɗaya, tana fama da ciwon kai, muƙamuƙinta na ciwo idan tana tauna, ana zargin kumburin jijiyoyin jini na gefen kai. Akan ɗibi jini domin gwaji a fara ba ta siteroid nan take, ba a jiran sakamakon yankan jijiya, domin ɗaya idon na iya bi cikin kwanaki. Mutumin da fatar idonsa ta faɗo, ido ya karkace, baƙin ido ya buɗe, ana gaggauta ɗaukar hoton jijiyoyin jinin kansa saboda tsoron kumburin da ka iya fashewa. Jaririn da ake hango fari a baƙin idonsa, ana ɗaukar sa a matsayin mai sankarar ido har sai an tabbatar da akasin haka. Wanda ruwan batir ko siminti ya fantsamar wa ido, wanke idon da ruwa mai yawa ke gaba da kowace tambaya. Ana so ɗalibi ya ambaci mafi haɗarin cututtukan da yake zargi tun da wuri, ko da ba ita ce ta fi yawa ba.

5.0 Dabarun Shiri

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dabarun da ke biye duk sun ginu ne a kan mayar da aikin yau da kullum ya zama atisaye.

Na farko, riƙe jeri guda wajen duba ido, ba tare da sauyi ba: ƙarfin gani, yadda baƙin ido ke amsa haske, motsin ido, faɗin gani, fatar ido da kewayenta, gaban ido a ƙarƙashin na'urar haskawa, matsin ido, sannan bayan ido bayan an ɗiga maganin buɗewa. Jerin yana da dalili. Wanda ya ɗiga maganin buɗe ido kafin ya gwada baƙin ido ya shafe wata babbar shaida ta lafiyar jijiyar gani har tsawon sa'o'i. Idan hannu ya saba da jeri a kan dubban majinyata, baki zai bi shi ranar da fargaba ta kama mutum.

Na biyu, yin magana a bayyane. Ɗalibai biyu ko uku sukan zauna da agogo, ɗaya ya nuna hoto, ɗaya ya yi bayani cikin minti uku ko huɗu, na uku ya rubuta abin da aka tsallake. Tunda ta intanet ake jarrabawar, yana da kyau a riƙa atisayen a gaban kyamara, a kuma naɗi murya a saurara. Gabatar da majinyaci ga malami kowace safiya, da taron mako na sashe inda ake tattauna cututtuka masu wuya, duk filin wannan atisaye ne.

Na uku, gwada kai maimakon maimaita karatu. Hermann Ebbinghaus ya nuna tun a 1885 yadda mantuwa ke saurin cinye abin da aka koya idan ba a waiwaye shi ba. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda fiye da waɗanda suka sake karantawa. Bahaushe ya san wannan tun a makarantar allo, inda almajiri ke bayar da hadda da ka kafin ya wanke allo, sannan ya riƙa tilawar baya domin kada ta zube. Raba juzu'an BCSC a kan watannin shekara, tare da amsa tambayoyi kullum, ya fi tara su a makonnin ƙarshe.

Na huɗu, haɗa kowane babban bincike da fuskar majinyaci. Wanda ya karanta binciken EVS a daren da ya karɓi mai ciwon ido bayan tiyata ba zai manta cewa tiyatar gaggawa ta fi amfanar wanda haske kaɗai ya rage masa ba.

Na biyar, fuskantar fannin da ake gudu. Ɗalibai da yawa sukan bar ilimin haske da tabarau zuwa ƙarshe saboda lissafinsa, alhali yana cikin fannoni shida, kuma shi ne ginshiƙin auna tabarau da zaɓen gilashin da ake dasawa bayan cire yana. Sakamakon OKAP yana nuna irin wannan rauni shekara biyu ko uku kafin babbar jarrabawa, ga wanda ya karanta shi da gaskiya.

6.0 Abin Ɗauka ga Ƙasar Hausa

A Nijeriya, Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma su ke tantance likitocin ido, ta matakin share fage da kashi na ɗaya da na biyu. Ana horo a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin koyarwa na Aminu Kano a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Jarrabawar zagaye tashoshi, wadda Ronald Harden da abokansa suka bayyana a 1975 daga Dundee ta Sikotland, ta shiga tsarin jarrabawar likitoci a ƙasashe da dama, har da Nijeriya. A irin wannan jarrabawa ana iya kallon hannun ɗalibi a kan na'ura, abin da jarrabawar hoto ta intanet ba ta iyawa.

Jerin duba ido da fifita cuta mai haɗari da yin magana a bayyane duk suna aiki a Zariya kamar yadda suke aiki a Bethesda, kuma ba sa bukatar kuɗi. Abin da ke sauyawa shi ne jerin cututtukan da ake zargi. Likitan Katsina zai sa amosanin ido da gira da hakiyar da ƙyanda ta bari da dundumi a gaba, cututtukan da takwaransa na Washinton ba kasafai yake gani ba. Zai kuma haɗu da idon da masu maganin gargajiya suka ture wa yana da tsinke, domin binciken 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka yi musu. Batun sikila kuwa ya fi tsanani a gida, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar gadon. Haka nan hanyar tiyata ta bambanta: a Amurka da na'ura ake narkar da yana, a yawancin asibitocin arewa kuma ƙaramin yanka da hannu ake yi, wanda ya fi sauƙin kuɗi ya kuma dace da yanar da ta nuna sosai.

Akwai kuma batun harshe. Ana karɓar tarihin ciwo da Hausa, a gabatar da shi da Ingilishi ko Faransanci. Majinyacin da ya ce yana ganin hazo, da wanda ya ce gizo-gizo ke yawo a idonsa, da wanda ya ce duhu ya rufo masa daga sama kamar labule, kowannensu yana nuni ga wani sashe na ido daban, kuma na ƙarshen yana iya bukatar tiyata cikin gaggawa. Haka kuma sunan hawan jinin ido yakan sa majinyaci ya zaci maganin hawan jini zai wadatar da shi. Tattara irin waɗannan kalmomi da daidaita ma'anarsu aiki ne da ke bukatar haɗin kan masana harshen Hausa da likitocin ido.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi matakan horon likitan ido a Amurka, daga OKAP zuwa jarrabawar baka ta ABO, ta kuma nuna yadda cibiyoyin yankin Washinton da jama'arsa ke samar wa ɗalibi hujja da misali. An ga cewa maki yana rataye ne a kan jerin tunani: bayyana abin da aka gani, yin tambayar da ta dace, kawar da cuta mai haɗari, sannan tsara magani. Ana ba da shawarar sassan ido na asibitocin koyarwa a ƙasar Hausa su ware lokaci kowane mako domin atisayen baka da agogo, su riƙa amfani da takardar aunawa irin ta OCEX tun daga shekarar farko, su kuma tara taskar hotunan cututtukan gida domin koyarwa, bisa amincewar majinyata. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i kuma suna da gurbi a wannan aiki, ta hanyar samar da ƙamus na kalmomin ciwon ido kamar yadda majinyata ke furta su.